Asalin Ruwan Ɗumi na Wikki

Duk wanda ya tashi a Lakwaya, ko wani gari na ƙasar Gwarzo da Kabo, ya san irin rowar da ruwa yake yi wa mutane idan bazara ta kankama, lokacin da kududdufai suke ƙafewa har ƙasarsu ta tsattsage, rijiyoyi su ja baya, a yi ta ƙulla wa guga igiya, mata kuma su yi sammako tun gabanin assalatu domin su riski ɗan abin da ya taru cikin dare. Saboda haka babu laifi ga irin wannan mutum idan ya yi tababa ranar da aka fara ba shi labari cewa a ƙasar Bauchi akwai wani idon ruwa wanda ba ya raguwa rani da damina, kuma yana fitowa da ɗuminsa alhali babu wanda ya hura masa wuta. Labarin gaskiya ne, sunan ruwan Wikki, ga kuma asalinsa.

Wikki yana tsakiyar dajin Yankari, a ƙaramar hukumar Alƙaleri, dajin da girmansa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga gindin wani tsaunin dutsen yashi, ya kwanta ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, tsawonsa kamar mita 200, faɗinsa ya ɗara mita 10, sa'an nan ya malala ya faɗa kogin Gaji. Garai yake, har mutum yana tsaye ruwa iya ƙirji yana iya ƙirga yatsun ƙafarsa a kan farin yashin da ke ƙasa. Masu awo sun ce yana fitar da lita miliyan 21 kowace rana, ɗuminsa kuwa digiri 31 ne, dare da rana, hunturu da bazara.

Mutanen da, idan suka ga ruwan da ya saɓa wa al'ada, sukan jingina al'amarinsa ga iskoki, kuma wanda ya san labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura ba zai yi mamakin wannan ba. Amma bayanin masana ilmin ƙasa ya fi kwantar da hankali, kuma ya fi nuna ƙudurar Ubangiji ga mai tunani. Sun ce cikin ƙasa zafi gare shi, kuma gwargwadon nitsewar mutum gwargwadon ƙaruwar zafin, kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowane kilomita guda. To, dutsen da ke shimfiɗe ƙarƙashin Yankari dutsen yashi ne, mai ƙananan ƙofofi, wanda ruwa yake ratsawa kamar yadda yake tsattsafowa ta jikin sabon tulu. Idan aka yi ruwan sama a kan tuddai, wani ya gudu zuwa rafi, wani kuwa ya nitse cikin dutsen nan, ya yi ta tafiya sannu a hankali cikin duhu shekara da shekaru, yana ɗaukar ɗumin ƙasa, yashi yana tace shi, har ya iske wata tsaga da nauyin ruwan da ke bayansa zai tunkuɗo shi waje. Abin da ya sa ba ya jin rani ke nan, domin ruwan da yake fitowa yau ba na daminar bara ba ne, kuma taskar da yake zuwa daga cikinta ta fi ƙarfin farin shekara ɗaya. Da yake ɗumin nasa bai wuce digiri 31 ba, ana iya gane cewa bai yi nisa ƙwarai cikin ƙasa ba. Na birnin Bath a Ingila, wanda yake nitsewa fiye da kilomita 2, yana fitowa da digiri 46.

Daga nan ne kuma za a gane dalilin da ya sa mu ba mu da irinsa. Yammacin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, kuma kowane mahaƙin rijiya a Lakwaya ya san shi ko da bai san sunansa na littafi ba: za a wuce jar ƙasa, a wuce marmara, a shiga ruɓaɓɓen dutse mai ɗan damshi, sai kwatsam diga ta buga fa ta yi tartsatsi, a nan aiki ya tsaya. Ruwanmu yana zaune ne a cikin wannan ruɓaɓɓen dutse da ƴan tsagogin da ke ƙarƙashinsa, ba shi da zurfin da zai yi ɗumi, ba shi da yawan da zai yi wa bazara gardama. Shi ya sa aka koma ga tare ruwan sama tun bai gudu ba, aka gina madatsai irin su Guzu-Guzu a ƙasar Kabo, da Kusalla da Challawa a ƙasar Ƙaraye.

Ita kuwa al'adar yin tattaki zuwa ga ruwa domin neman lafiya daɗaɗɗiya ce. Kowane almajiri ya san ƙissar Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda aka umurce shi ya buga ƙafarsa a ƙasa, ruwa ya ɓullo, ya yi wanka ya sha, cutarsa ta yaye. Rumawa sun gina ɗakunan wanka a kan idon ruwan Bath wajen shekara ta 70 Miladiyya, Turkawan Daular Usmaniyya sun gina nasu a Budafes cikin ƙarni na 16, kuma a Turai garuruwa sukutum sun tashi a kan wannan sana'a, har a 2021 hukumar UNESCO ta sanya 11 daga cikinsu a jerin kayan tarihin duniya. Kusa da mu, a duwatsun Azbin arewa da Agadas, akwai ruwan zafi na Tafadek, inda masu sanyin ƙashi suke zuwa su yi kwanaki suna shiga. Malamanmu na fiƙihu ma ba su bar mas'alar ba, gama sun yi bayani cewa ruwan da ya sauya ɗanɗano ko wari saboda ƙasar da yake kwance a kanta, kamar gishiri ko ƙibiritu, yana nan da tsarkinsa, ya halatta a yi alwala da shi. A ganina dai, ruwan ɗumi yana sassauta jijiya ya rage raɗaɗin gaɓɓai, wannan babu musu, amma wanda ya bar maganin likita ya dogara gare shi ya ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Wikki bai taɓa zama birni ba, amma kada a zaci ba a taɓa zama a kewayensa ba. A cikin dajin akwai koguna 59 da aka sassaƙa da hannu a jikin dutse, waɗanda ake kira da sunan Marshall, mutumin da ya bayyana su a 1980, ana kuma kyautata zaton mafaka ce ta zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi. Akwai rijiyoyin Dukkey guda 139, akwai kufan matoyar tama a Ampara. Daga baya wurin ya koma hannun namun daji. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe shi ya zama gandun namun daji, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan a 2006 ta mayar wa Jihar Bauchi.

Mai niyyar zuwa daga wajenmu zai biyo ta Gwarzo zuwa Kano, ya ɗauki hanyar Wudil, Birnin Kudu da Ningi, ya sauka Bauchi, birnin da Yakubu almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa a 1809. Ya kamata ya kwana a nan, ya ga ƙofar fada, ya ziyarci kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi masa addu'a. Kashegari sai ya bi hanyar Gombe, ya ratse a Dindima, ya shiga ta ƙofar Mainamaji, daga nan kuma sauran tafiyar kilomita 40 da ƴan kai cikin daji kafin masauki.

Babu lokacin da ya fi bazara dacewa, ko da yake mai jin tsoron rana zai yi gardama. A watan Maris da Afrilu ciyawa ta bushe ta kwanta, ido yana cin nisa, tafkunan daji duk sun ƙafe, ƙishirwa ta koro kowace dabba zuwa fadamar Gaji, sai ka ga gwanki da ɓauna da gwambaza a gaɓa ɗaya, dorina ta fito da hanci kawai, idan kuma da rabo a ga garken giwaye, waɗanda suna cikin ƴan kaɗan da suka rage a Nijeriya. Da damina ta sauka sai su watse cikin duhuwa, manomi kuwa lokacin ba shi da sukunin barin gonarsa. Abin da yakan ɗaure wa baƙo kai shi ne, ruwan da aka yi ta yi masa albishir da ɗuminsa, idan ya shige shi da azahar ɗin Afrilu, iska tana digiri 40, sanyi zai ji har cikin ransa. Wanda ya zo da hunturu kuwa, ya shiga da sanyin safiya, zai ga tururi yana tashi, ya rantse an ɗora shi a wuta.

Sai dai a yi hattara da gwaggon biri. Na Wikki ya saba da mutane har ya daina kunyarsu, ya san leda, ya san kwanon abinci, ya iya tura ƙofar da ba a sa wa sakata ba. Ma'aikatan masaukin sukan gargaɗi baƙo tun da isarsa ya rufe taga, kada kuma ya ajiye guzurinsa a bakin ruwa ya shiga wanka, domin kafin ya nitsa kai ya ɗago, ƙullin ƙulinsa da dabinonsa suna can bisa reshe ana kwancewa.