Gaya da Ajingi: Muhawara kan yawan hukumomi, haraji da zaɓe

A Amurka da Birtaniya, 'yan siyasa kan yi jayayya ne a kan ko a rage girman gwamnati domin a sassauta wa jama'a haraji. A gabashin jihar Kano kuwa, abu ne mawuyaci ka ji ɗan takara ya hau mumbari yana alƙawarin rage ofisoshi. Abin da aka fi nema shi ne ƙarin ƙaramar hukuma, ko masarauta, ko ma sabuwar jiha.

Dalilin hakan yana ga inda kuɗin ke fitowa.

Daga ina kuɗin ke zuwa?

Gaya da Ajingi biyu ne daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, adadin da aka kai a shekarar 1996 zamanin Janar Sani Abacha. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum kimanin dubu 200, Ajingi kuma sama da dubu 170, akasarinsu manoma da makiyaya.

Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon karɓar kuɗin rumfunan kasuwa, da mahauta, da tashoshin mota, da rajistar haihuwa da mutuwa. Amma waɗannan ba sa ko kusa da biyan albashin ma'aikata da malaman firamare. Abin dogaro shi ne kason wata-wata daga asusun tarayya, inda ƙananan hukumomi 774 ke raba kashi 20.6 cikin ɗari.

Don haka, a idon mutumin karkara, sabuwar hukuma na nufin sabon kaso daga Abuja, da sakatariya, da guraben aiki, ba tare da an taɓa aljihunsa ba. Wannan ne ma ya sa 'yan siyasar Legas, mai ƙananan hukumomi 20 a tsarin mulki, suka daɗe suna ƙorafi kan 44 ɗin Kano.

Haraji da jangali

Ba haka lamarin yake a da ba. Zamanin En'e, kowane baligi na biyan haraji ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, makiyayi kuma na biyan jangali a kan kowace saniya. Wanda ya kasa biya kan fuskanci wulaƙanci, wani ma ya bar gari.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta gina farin jininta a kan wannan kuka. Da magajiyarta PRP ta ci Kano a 1979, Gwamna Muhammad Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, kamar yadda Alhaji Balarabe Musa ya yi a Kaduna.

Har yau dattawa na ambaton matakin da alheri. Sai dai wasu masana na ganin yana da wani gefen: tunda hukuma ba ta rayuwa da kuɗin talaka, ba ta jin dole ta yi masa bayani, shi kuma ba ya jin kuɗinsa ne ake kashewa.

Masarautar da ke hawa da sauka

Babu inda zaɓe ya fi shafar yawan hukumomi kamar a batun masarautar Gaya, garin da tarihin baka ke cewa daga nan ne maƙeran farko, Abagayawa, suka je dutsen Dala.

A 1981 Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna, ciki har da na Gaya da Rano da Dutse, a daidai lokacin da yake takun saƙa da Sarkin Kano Ado Bayero. Alhaji Sabo Bakin Zuwo, wanda ya ci zaɓen 1983, ya rushe tsarin.

A watan Mayun 2019, 'yan makonni bayan zaɓen da ya sha da ƙyar, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu kan dokar da ta kafa masarautun Gaya, Rano, Ƙaraye da Bichi masu daraja ta ɗaya. Magoya baya sun ce za a kusantar da asibiti da hanya ga karkara. Masu suka sun ce an yi ne don rage wa Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ƙarfi, kuma fadoji da motoci da majalisun sarakuna duk daga kason ƙananan hukumomi za a ɗauki nauyinsu.

Gwamna Abba Kabir Yusuf, wanda ya ci zaɓen 2023 a NNPP, ya soke dokar a watan Mayun 2024. Amma a watan Yuli sai aka dawo da Gaya a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku kacal: Gaya, Ajingi da Albasu, kuma Alhaji Aliyu Ibrahim Abdulƙadir ya koma kujerarsa. Su ukun ne kuma ke da kujera ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya, abin da ke nuna cewa babu gwamnan da zai so ya bar yankin hannu rabbana.

Zaɓen ƙananan hukumomi

A zaɓen da hukumar KANSIEC ta gudanar a watan Janairun 2021, APC mai mulki ta lashe kujerun shugabanni 44 baki ɗaya. A na watan Oktoban 2024, NNPP mai mulki ta lashe dukkan 44 ɗin. Shugaban da ya hau ta wannan hanya ya fi sauraron gidan gwamnati a kan masu jefa ƙuri'a.

Ranar 11 ga watan Yulin 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, maimakon ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. Shekara guda bayan haka, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE na ƙorafin cewa ba a aiwatar da hukuncin ba.

Sababbin dokokin harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun yafe harajin kuɗin shiga ga wanda abin da yake samu bai wuce naira dubu 800 a shekara ba. Sun kuma bar harajin VAT a kashi 7.5 cikin ɗari, bayan da gwamnonin arewa suka yi adawa da tsarin rabon da aka gabatar tun farko. Ƙananan hukumomi na samun kashi 35 cikin ɗari na kuɗin VAT ɗin, wanda ɗan Ajingi ke biya duk lokacin da ya sayi katin waya.