Daga Jangali Zuwa Lanho: Hannayen da Suka Karɓi Haraji a Ƙonni da Adar

A Maratta, wani ƙauye kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Yau wajen yana cikin ƙasar Nijar, a yankin da motocin albasa ke ɗaukar kaya. Mai bin tarihin haraji a ƙasar Hausa ba zai wuce wannan ƙauye ba, domin ɗan da aka haifa a can shi ne ya zo ya jera, a littafinsa Kitabul Farƙi, irin karɓe-karɓen da sarakunan Haɓe ke yi wa talakawa, ya ce shari'a ba ta san da su ba: jangali a kan shanu, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da abin da ake tatsa a hannun 'yan kasuwa da mahauta. Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'arsa suka ci a 1804.

Sai dai jihadi bai kashe haraji ba. Hannun da ke karɓa ne ya sauya. Ƙonni ta koma kai gaisuwa Sakkwato, jangalin da aka zaga kuwa ya ci gaba a sassa da dama na daular har zuwan Turawa. A arewa, cikin Adar, lissafin ya fi haka rikicewa. Sarautar Sarkin Adar, wadda Agabba ɗan Sarkin Agadas ya kafa, kuma daga baya ta zauna a Illela, tana da nata haƙƙi a kan manoma. Ga kuma Abzinawa, Kel Geres da Iwillimmidan, waɗanda a ƙarni na 19 ƙarfinsu ya kai su ɗebi damman gero a ƙauyuka da sunan kariya. Manomi ya sallami na kusa, ya sallami na nesa, abin da ya rage shi ne na rumbu.

Sannan aka zo zamanin da taswira ta shiga maganar. A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa suka ɗora tsinken kamfas a kan Sakkwato suka zana da'ira mai nisan mil 100. Ƙonni, da ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, ta faɗa rabon Ingila. Wannan bai hana rundunar Bule da Shanuwan, hafsoshin Faransa biyu, afka wa birnin a watan Mayun 1899 ba, suka yi kisan da har yau ake ba da labarinsa. Faransawa suka yi ta ƙorafin cewa da'irar ta tura su cikin hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara layin, Ƙonni ta koma hannun Faransa, aka bi daji ana kafa alamun iyaka har 1908.

Daga nan mutanen da ke yare ɗaya, suna auren juna, suna cin kasuwa ɗaya, suka wayi gari ƙarƙashin tsarin haraji biyu. A ɓangaren Ingila, dokar kuɗin shiga ta Gwamna Lugga ta 1906 ta tattara tsofaffin karɓe-karɓe ta mai da su haraji da jangali, sarki ya tara, a raba tsakanin gwamnati da En'e. A ɓangaren Faransa kuwa kuɗin kai ne, wanda mutane ke kira lanho. Kumandan ya zo ya yi ƙidaya, a rubuta kowane baligi a gidan mai gida, a ɗora wa gari jimilla, sarki da hakimansa su san yadda za su yi su cika. Da farko ana karɓar wuri da gero da dabbobi. Da aka ce sai tsabar faran, nan ne talaka ya ji a jikinsa, don faran ba ya tsirowa a gona. Dole a sayar da hatsi da kaka, lokacin da ya fi arha, ko a kai akuya kasuwa, ko saurayi ya ɗauki sanda ya tafi cin rani Sakkwato ko Kano ya samo kuɗin. A kan wannan aka ɗora aikin tilas na gyaran hanya da ɗaukar kaya, wanda sai a 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Hufuwet Buwanyi ta soke shi.

Abin da ya bambanta Ƙonni da garuruwan da ke can tsakiyar ƙasa shi ne kusancin iyaka. Wanda lanho ya ishe shi a nan ba ya buƙatar kotu. Ya jira dare, ya ɗora tabarma da tukwane a kan jaki, ya kora awakinsa, kafin hantsi yana ƙasar Ingilishi wajen dangin matarsa. Rahotannin jami'an Faransa na wancan zamani cike suke da kukan gudun mutane zuwa Nijeriya, wani lokaci ƙauye sukutum. Makiyaya sun fi kowa iya wannan lissafi: in lokacin ƙidayar shanu ya zo a wannan gefe, garke na wancan gefe. Ni a ganina wannan gudu shi ne birki mafi ƙarfi da aka taɓa taka wa mai karɓar haraji a yankin, domin kumandan ya san in ya matsa da yawa, baɗi sunaye zai tarar a takarda babu masu su. Sarki kuma yana tsaka mai wuya. Yana da kasonsa cikin abin da ya tara, amma in jimilla ba ta cika ba rawaninsa na iya tafiya, in ya cika ta da bulalar dogarai mutanensa su watse.

'Yancin kai na 1960 bai taɓa kuɗin kai ba. Gwamnatin Diori Hamani ta gaje shi, ta dogara da shi, har cikin farin da ya kai ga juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Seyni Kunce ne, jagoran juyin mulkin, da kuɗin yuraniyom suka shigo, ya soke kason da gwamnatin tsakiya ke karɓa a kan kowane kai a ƙarshen shekarun 1970. Kusan lokaci guda, a 1979, gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. A Nijar dai an bar ƙaramin kaso na gunduma, kuma shi ne ya rayu har ya zama harajin ƙaramar hukuma bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004.

Ga yadda yake a ƙauye. An daɗe ana biyan dala 140, wato sefa 700, a kan kowane baligi a shekara. Bayan an kai amfanin gona gida, mai gari ya zauna a zaure da littafinsa, mai gida ya zo da katin iyali, a ƙirga waɗanda suka isa biya, a cire wanda ya rasu, a yi gardama a kan yaron da ya tafi Libiya shekara biyu ba labari. A kasuwar Badagishiri ko ta Dogarawa kuma ga mai tikiti yana bin rumfa-rumfa, ga na tashar mota, ga na turken dabbobi, ga abin da ake karɓa a kan buhun albasa. Da waɗannan ƙananan kuɗi ƙaramar hukuma za ta biya ma'aikata, ta kwashe shara, ta gyara rijiya.

Manyan kuɗin kuwa ba sa kwana a nan.  A Nijar ƙaramar hukuma ba ta da iko a kan albashin kowa. Harajin albashin malamin makaranta a Illela, da na ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza da ke aiki tun shekarun 1960, da harajin kaya na kashi 19 cikin ɗari, da abin da duwan ke karɓa a bakin iyakar Ƙonni, duk baitulmalin ƙasa suke shiga. Abin da ke dawowa wani kaso ne na fatanti, wato harajin sana'a, da harajin gine-gine, shi ma sai an jira. Da aka yanke Malbaza daga Ƙonni a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta, an sami sabon ofis da sabon shugaba, amma wannan rabo bai motsa ba.

A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rusa majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Mai gari dai na nan da littafinsa, sai dai wanda yake kai wa kuɗin yanzu daga Yamai aka turo sunansa.