Yadda PHP Ya Koyi Tambayar "Wane Iri?"

Na taɓa cike fom ɗin wata makaranta a wani shagon kwamfuta a Gwarzo. Da takarda ta fito, sai na ga lambar wayata ta koma gundulmi, sifilin farko ya yi ɓatan dabo. Yaron shagon ya rantse ya buga shi, kuma gaskiyarsa. Manhajar ce ta ɗauki lambar waya a matsayin adadi, shi kuwa adadi ba ruwansa da sifilin da ke gabansa. Irin wannan cuta ce PHP, harshen rubuta manhaja, ya yi shekara ashirin yana neman maganinta.

Rasmus Lerdorf ne ya fito da PHP a 1995, don hidimar shafinsa kawai. Andi Gutmans da Zeev Suraski suka sake masa gini, PHP 3 ya fito a 1998. Farin jininsa sauƙin kai ne: ba ya tambayar ko abin da ka miƙa masa rubutu ne ko adadi, sai ya yi kirdado ya wuce. Kamar mai awo ne da kowa ya zo da kwanonsa zai auna masa, ba gardama. Da haka ya shiga ko'ina. WordPress da Moodle a kansa suke, haka ma manhajar da ke ɗauke da Wikipedia ta Hausa. Ɗalibin Kabo da ya buɗe ta a wayarsa, PHP ne ke masa aiki daga can uwar garke, bai sani ba.

A 2004 PHP 5 ya ba mai rubutu damar faɗin ajin abin da yake jira, amma adadi da rubutu aka bar su yadda suke. Facebook, da shi ma a kan PHP ya tashi, ya gaji da jira, ya fitar da nasa harshen mai suna Hack a 2014.

Rigimar gaske a farkon 2015 aka yi ta. Masu ruwa da tsaki suka rabu biyu: wasu na son harshen ya ƙi duk abin da ba irin da aka ambata ba, wasu na cewa hakan zai kashe sauƙin da aka san shi da shi. Andrea Faulds ta kawo shawarar raba gardama, cacar baki ta yi zafi har ta janye ta bar aikin. Anthony Ferrara ya ɗauko shawarar ya gyara, aka kaɗa ƙuri'a a watan Maris, ta samu 108 a kan 48, ta haye kashi biyu cikin uku da ake bukata. Sulhun shi ne kowa ya zaɓa wa kansa. Wanda ya rubuta declare(strict_types=1) a saman fayil ɗinsa, harshen zai tsaurara masa. Wanda bai rubuta ba, sai a ci gaba da lallaɓawa. A ganina wannan dabara ce ta hana gidan tsagewa, don ba a tilasta wa masu tsofaffin shafuka rushe abin da suka gina ba. PHP 7 ya fito da ita a Disamban 2015.

Daga nan abin ya zama ɗan hakin bana, ɗan hakin baɗi. A 2016 aka yarda a ce abu yana iya zuwa babu komai. A 2019 sifofin aji suka samu nasu nau'in. PHP 8, a Nuwamban 2020, ya ba da damar a ce "ko adadi ko rubutu", ya kuma gyara wani tsohon abin kunya: a da in ka gwada sifili da kalma kamar "gero", sai ya ce daidai suke. Nikita Popov na da hannu dumu-dumu a waɗannan gyare-gyare, kuma da ya karkata ga wani aikin a 2021 sai da aka kafa gidauniya ta musamman don biyan masu kula da harshen. A shekarar ce aka samu jerin zaɓi ƙayyadadde da sifofin da ba sa canzuwa bayan an saka su.

Har yau PHP bai iya cewa "buhun nan gero zalla ne" ba, wato jerin da duk abin da ke cikinsa iri ɗaya ne. Masu sana'ar sukan rubuta hakan a gefe, su bar wa manhajojin bincike irin su PHPStan ko Psalm aikin dubawa kafin manhaja ta fita.