Muhalli da Manufofin Zamantakewa a Jamhuriyar Nijar

Jamhuriyar Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, amma wajen kashi biyu cikin uku na ƙasar hamada ce. Mafi yawan jama'a suna zaune a kudu, daga Tilaberi da Doso zuwa Tawa, Maraɗi, Damagaram da Difa, suna noman gero, dawa da wake cikin daminar da ba ta wuce wata uku ko huɗu. Saboda haka matsalar muhalli da ta rayuwar jama'a a ƙasar tare suke tafiya: in ruwa ya ɗauke lokacin da gero ke fitar da kai, rumbu zai ƙare kafin bazara, maza su tafi cin rani, yara masu tamowa su ƙaru a asibitoci.

Fari ya sha taɓa siyasar ƙasar. Yunwar 1973 zuwa 1974 tana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kunce ya hamɓarar da Shugaba Hamani Diori a Afrilun 1974. Ta 1984 ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, abin da ya ƙara wa mutane ƙunci. An sake shiga ƙarancin abinci mai tsanani a 2005 da 2010.

Matakin farko da hukuma ta ɗauka kan kwararowar hamada shi ne dashen itatuwa. An mai da 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama ranar dashe, kuma a 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan wannan batu. An kashe kuɗi mai yawa, sai dai dashe da dama ya mutu. Babban cikas ɗin yana cikin doka: tun zamanin mulkin Faransa itatuwa irin su gawo suna hannun hukuma ko da a gonar mutum suke, malaman daji kuma suna cin tarar wanda ya sare su. Manomin da ba shi da iko da itace ba ya wahalar renonsa, sai ya share duk wani toho lokacin sassabe.

Sauyin ya taso ne daga gonaki. Daga 1983 wani masanin noma ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoman Maraɗi kan barin kututture ya sake tsiro. Dabarar ba ta bukatar iri ko ban ruwa. Manomi zai duba tohon da ya fito daga tsohon kututturen sabara, kalgo ko gawo, ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran da wuƙa, ya riƙa yi musu aski kowace shekara. Saiwar da ta daɗe a ƙasa ita ke ciyar da su, don haka suna girma da sauri. Gawo ya fi kowane daraja a wurin manoma, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya, akasari a Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun biyo baya, suka ƙarfafa ikon manomi a kan abin da ya rena. Wannan ita ce nasara mafi girma da ƙasar ta samu a fannin muhalli, kuma manoma ne suka yi ta da hannunsu. A jihar Tawa an haɗa da haƙa tassa da ramukan rabin wata don tare ruwa a faƙo.

Rabon ƙasa tsakanin noma da kiwo ya fi wuyar warwarewa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma daga arewa, amma gonaki sun daɗe da ƙetare ta, sun kuma cinye burtali da hanyoyin mashaya. A 1991 an kashe mutum fiye da 100 a Toda da ke jihar Maraɗi, mafi yawansu mata da yaran makiyaya. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, amma aiwatar da ita ya dogara ga kwamitocin filaye na ƙauyuka, waɗanda da yawansu ba su da kuɗin aiki.

Yawan jama'a ne ke ƙara matsin. Daga kimanin miliyan 3 a 1960, ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17.1, yanzu kuma an haura miliyan 25. Mace guda tana haihuwar 'ya'ya shida ko fiye a matsakaicin lissafi, kuma kusan uku cikin huɗu na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Gonar gado tana ta tsinkewa tsakanin magada, mata ne kuma kan fara rasa gayaunarsu. Gwamnati ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, ta fito da shirin 3N na ciyar da kai a 2012, sannan a 2017 ta yi dokar kare karatun 'ya mace har zuwa shekara 16. Jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya raunana shirin magani kyauta sosai.

Ambaliya ma ta zama ruwan dare. A 2020 Kogin Kwara ya mamaye unguwannin Yamai, a 2024 kuma ruwa ya kashe mutum fiye da 300, ya rushe tsohon masallacin Damagaram.

A arewa batun yuraniyom ne. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK a 1978, dukansu ƙarƙashin kamfanin Faransa da yanzu ake kira Orano. An rufe COMINAK a 2021, aka bar miliyoyin tan na dattin ma'adini mai guba kusa da garin Akokan, mazauna yankin kuma sun daɗe suna kuka kan ruwan sha da lafiyar tsoffin ma'aikata. Gwamnatin soja da ta hau mulki a Yulin 2023 ta ƙwace lasisin Orano na haƙar yuraniyom a Imuraren a 2024, ta mai da SOMAIR mallakin ƙasa a 2025, ana kuma ci gaba da taƙaddama tsakaninta da Orano.