Nazariyyar Bowen kan Tsarin Iyali

Nazariyyar Bowen kan tsarin iyali wata mazhaba ce a fannin ilimin halayyar ɗan Adam da warware rikicin gida, wadda Murray Bowen, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, ya assasa. An haife shi a Jihar Tennessee ranar 31 ga Janairu, 1913, ya rasu ranar 9 ga Oktoba, 1990.

Ginshiƙin nazariyyar shi ne cewa kowane iyali yana tsakanin buƙatu biyu masu jayayya da juna, wato dogaro ga dangi da kuma tsayuwar mutum da ƙafafunsa, kuma a ganin Bowen kamalar mutum ita ce ya riƙe hankalinsa da ra'ayinsa sa'ad da gida ya ɗauki zafi, alhali zumuncinsa yana nan daram. Ya lura cewa idan saɓani ya tsananta tsakanin miji da mata, sukan jawo mutum na uku, galibi ɗansu, su ɗora masa damuwarsu, kuma wanda ya ƙaurace wa iyayensa don neman 'yanci yakan kai dogaron nan cikin aurensa.

Daga 1954 zuwa 1959, a Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta Amurka, Bowen ya riƙa kwantar da iyalai tare da majinyatansu a asibiti domin nazarin mu'amalarsu. Bayan haka ya koma Jami'ar Georgetown a Washinton, inda ya kafa cibiyar nazarin iyali a 1975. Nazariyyar ta ƙunshi ƙa'idoji 8.