Wida, Tashar Bayi ta Bakin Teku

Ƴan'uwa mutanen Dakoro, da yawanmu mun san Kwatano saboda fatauci, amma kaɗan daga cikinmu suka ƙarasa Wida, ƙaramin gari mai nisan kilomita wajen 40 yamma da ita. Turawan Fotugal sun gina sansaninsu can a 1721. Yanzu gidan tarihi ne. A 1727 Agaja, sarkin Dahome, ya ci ƙasar da yaƙi. Daga nan aka yi ta loda bayi zuwa Burazil, har da Hausawa. A 1807 Hausawan Bahiya suka shirya tawaye. Yau baƙi na bin hanyar bayi, kilomita 4, har Ƙofar Ba-Dawowa da aka gina a 1995. Wanda Allah ya kai shi, ya yi wa kakanninmu addu'a.