Ɗaukar kiɗan ƙungiya a gida: Yadda ake zaɓen makirufo da na'urar ɗaga sauti

Yankin Funtuwa, inda marigayi Alhaji Mamman Shata ya daɗe da zama kafin rasuwarsa a 1999, bai taɓa rasa makaɗa ba. Har gobe a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai masu kalangu da gurmi da 'yan amshinsu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin ɗaukar sautinsu. Manyan sutudiyo suna Kano da Kaduna, kuma matsalar tsaro ta sa kwasar mutum takwas da kayan kiɗa zuwa birni ta zama abin tunani. Saboda haka wasu 'yan kasuwa da ma'aikata ke saya wa 'yan uwansu na gida kayan ɗauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba kuɗin duka a kan makirufo guda mai tsada, alhali ƙarfin kayan kiɗan da yanayin ɗaki da wutar lantarki ne ya kamata su yanke hukunci.

Makirufo iri biyu

Na farko shi ne dainamik, irin wanda ake gani a hannun masu wa'azi da sanƙira. Ba ya buƙatar wuta, yana jure faɗuwa da ƙura, kuma ƙara mai ƙarfi ba ta shaƙe shi. Sanannu a wannan aji su ne Shure SM57, wanda ya fito a 1965 kuma ake kafa wa ganguna, da SM58 na 1966 da aka yi domin murya. Su ne suka dace da kalangu da ganga da algaita da kakaki.

Na biyu shi ne kwandensa, kamar Audio-Technica AT2020. Kunnensa ya fi kaifi, yana kamo zaƙin tsirkiyar gurmi ko goge da lumfashin mawaƙi. Sai dai wannan kaifin ne aibinsa a gida, domin zai haɗa har da kukan janareta da babur da carar zakara. Yana buƙatar wuta ta bolt 48 da ke zuwa masa ta cikin waya, kuma ƙurar hunturu da laimar damina suna lalata shi idan ba a adana shi a akwatinsa ba.

Ko wane iri za a saya, a nemi mai jin gaba kawai, wanda ke toshe abin da ke bayansa. A kuma yi hattara da jabu, domin SM58 na cikin makirufon da aka fi kwaikwaya a duniya. Farashin da ya yi araha fiye da kima alama ce. Araha ba ta ado.

Na'urar ɗaga sauti

Sautin da makirufo ke fitarwa ɗan ƙanƙane ne, sai an ɗaga shi kafin kwamfuta ta iya adana shi. Wannan shi ne aikin firiyamf. Mai ɗauka a gida ba ya buƙatar sayensa daban, domin yana cikin akwatin da masu sutudiyo ke kira sawun-kad. Abu uku ake dubawa.

Na ɗaya, yawan ƙofofi. Focusrite Scarlett 2i2 makirufo biyu yake ɗauka, wanda ya ishi mawaƙi ɗaya da gurminsa amma bai ishi ƙungiya ba. Behringer UMC404HD yana da huɗu, Scarlett 18i20 kuma takwas. Tun da makaɗan gargajiya tare suke kiɗa, mai waƙa na kallon mai kalangu, raba su a ɗauki kowa daban yana kashe armashin kiɗan. Huɗu shi ne mafi ƙarancin abin da za a nema.

Na biyu, ƙarfin ɗagawa. Dainamik a gaban murya mai sanyi yana son desibel 50 zuwa 60. Na'ura mai rauni, idan aka murɗa ta ƙarshe, sai ta riƙa huci a ƙarƙashin waƙar. Na uku, maɓallin da aka rubuta wa 48V, wanda in babu shi kwandensa ba zai yi magana ba.

Yadda ake jera su

Da ƙofofi huɗu, a ba mai waƙa SM58 kusa da baki. A kafa SM57 kamar taƙi ɗaya daga fatar babban kalangu, wani kuma tsakanin sauran gangunan. Na huɗun, kwandensa, na 'yan amshi ne, a tsayar da su rabin da'ira nesa da makaɗa. Ƙa'idar da aka sani ita ce tazarar makirufo biyu ta ninka tazarar kowannensu da abin da yake ɗauka sau uku, don kada sautukan su ci juna. Kafin a fara, a sa mai kalangu ya buga iya ƙarfinsa, a rage har alamar ta daina taɓa ja. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, wanda ya fashe kuwa ba shi da gyara.

Ɗaki da wuta

Ɗakin siminti mai tayil da rufin kwano yana mayar da amo. Soron ƙasa ya fi shi. Inda babu, a shimfiɗa darduma, a jingina katifu da barguna a bango. Janareta kuwa illa biyu gare shi, ƙararsa da gurnanin da yake sawa cikin waya, haka ma inbata mai araha. Shi ya sa kwamfutar tafi-da-gidanka a kan batirinta ta fi tsabtar sauti. Akwai kuma Zoom H6, mai ƙofofi huɗu, da ke aiki da ƙananan batura huɗu ba tare da kwamfuta ba, wanda ya dace da ƙauyen da wuta ba ta kai ba. A yi amfani da waya mai baki uku, wato XLR, domin ita ke kore gurnani.

Wanda kuɗinsa bai kai ba ya fara da sawun-kad mai ƙofa huɗu da dainamik biyu na asali, ya ƙara sauran a hankali. Dattawan makaɗa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗaukar da aka yi musu yau, mai kyau ko maras kyau, ita jikokinsu za su saurara.